Telan Shakazoba

Abin da na fara gani a bakin shagon sikeli ne, irin wanda ake hawa a asibiti. Na ɗauka wani ne ya kawo shi gyara ya manta. Abokina ya turo babur ɗinsa, Suzuki SV650 ɗan Kwatano, ya kafe shi, ya shiga kora bayani tun kafin a gama gaisawa. In ya kama birkin gaba, sai babur ya durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. In kuma ya faɗa rami da gudu, sai ya ji dukan tun daga wuyan hannu har haƙora. Wani ya ce masa ƙafafun gaban sun yi laushi, wani ya ce sun yi tauri, shi kuwa ya rasa na kamawa.

Mai shagon dattijo ne, gemunsa ya fara furfura. Bai ko kalli babur ɗin ba. Sikelin ya nuna.

"Alhaji, hau nan tukuna. Da hular kwanon, da rigar, da takalman, yadda ka saba hawa."

"Malam, ai babur na kawo gyara, ba kaina ba."

"Tare kuke tafiya ai."

Allura ta tsaya a kan kilo 92. Dattijon ya jawo wani littafi da baƙin mai ya ci bangonsa, ya rubuta. Sannan ya juya wajen babur.

Wannan reshe ne na kanikanci da ba kowa ya san da shi ba. A Turai da Amurka da Japan akwai shagunan da ba su taɓa inji, ba su taɓa waya, aikinsu kawai shakazoba, ta gaba da ta baya. Dalilin samuwarsu bai da wuyar ganewa. Kamfani yakan ƙera babur dubbai iri ɗaya, ya sa musu sifirin ɗaya da mai ɗaya, bisa ƙiyasin wani matsakaicin mutum da ba siriri ba, ba kuma mai jiki ba. Ɗinkin kanti ke nan. Wanda rigar ta zauna masa ya yi sa'a. Wanda ta yi masa yawa ko ta matse shi, sai ya nemi tela.

Takobi da kube

Kowace ƙafar gaban babur abu biyu ce: bututu mai sheƙi da kuben da yake shiga yana fita, kamar takobi. A ciki akwai sifirin, akwai mai, akwai kuma ɗan sarari na iska daga sama. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi. Amma da shi kaɗai ne, da babur ya taka tudu ɗaya zai yi ta tsalle har sai ya gaji don kansa. Man shi ne mai tsawatarwa. Duk motsin da ƙafar za ta yi, sai ta tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan turereniyar ce ke shanye ƙarfin tsallen ta mai da shi zafi.

Mutane na ɗauka don jin daɗin zama aka yi shakazoba. Jin daɗi riba ce ta gefe. Babban aikinta shi ne ta danne taya a ƙasa. Wurin da tayar babur ke taɓa kwalta bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma birki da kwana da ran mahayi duk a kan wannan ɗan wurin suka dogara. A babur ɗin gudu, in aka kama birki da ƙarfi, kusan dukan nauyi yakan koma gaba, har tayar baya ta ɗaga sama. A wannan lokacin in ƙafar gaba ta nutse har ta kai ƙarshe, ba sauran abin da zai shanye gargadar hanya, sai taya ta fara tsalle. Tayar da ke sama kuwa ba ta birki.

Kafin yaƙin duniya na biyu, yawancin babura da wani tsari na ƙarafa masu gaɓoɓi da sifirin a waje suke tafiya. A 1935 kamfanin BMW na Jamus ya fitar da R12, mai ƙafafun bututu da mai a ciki, kuma sannu a hankali duniya ta bi wannan hanya. Tsarin da ya fi yaɗuwa, don sauƙinsa da arharsa, shi ne na sanda mai ramuka. Wata sanda ce mai rami a tsakiya, a kafe a gindin kube, an huda ta a gefe. Ƙafa na motsi, mai na bi ta hudojin.

A nan ne amsar rikicin abokina take, kuma dattijon ya warware shi da ɗan misali. Ya ce a ɗauki jarka mai ƙaramin baki. In ka karkata ta a hankali, ruwa zai fito salin-alin. In ka matse ta da ƙarfi lokaci guda, sai ta ƙi, kamar an toshe. Rami mai girma ɗaya haka yake: in saurin mai ya ninka biyu, turjiyar takan ninka kusan huɗu. Kama birki motsi ne na sannu a wurin ƙafa, don haka mai ke wucewa ba mai hana shi, babur ya durƙusa. Bakin rami kuwa duka ne na farat ɗaya, sai man ya cushe a ƙofa, ƙafa ta sandare, dukan ya wuce kai tsaye zuwa hannun mahayi. Ashe duk mutum biyun da suka ba abokina shawara gaskiya suka faɗa. Ƙafar ta yi laushi inda ake son tauri, ta yi tauri inda ake son laushi.

Maganin wannan ya fito ne daga tseren babura na cikin daji da tuddai, ya shigo babura na kwalta a shekarun 1980. Shi ne katirij: wani ƙaramin silinda a cikin ƙafa, da fistin mai manyan ƙofofi, an rufe ƙofofin da siraran faya-fayan ƙarfe da ake kira shim, an jera su kan juna. In turin mai kaɗan ne, faya-fayan sukan tsaya a rufe, su riƙe babur kada ya durƙusa. In duka ya zo da ƙarfi, sai su lanƙwashe su buɗe hanya. Kaurin kowane faifai, da faɗinsa, da yadda aka jera su, su ke ba ƙafa halinta. Gwanin wannan sana'a yakan zauna da faya-fayan da kaurinsu bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, ya cire wannan ya sa wancan, har ya sami abin da yake so.

Wajen 1990 kuma aka fara juya ƙafafun manyan babura na gudu, kube mai kauri ya koma sama inda maƙalan wuya ke riƙe shi, bututu ya koma ƙasa wajen taya. Hakan ya rage lanƙwashewa a lokacin birki. A 2009 kamfanin Showa na Japan ya kawo ƙafa mai babban fistin a kan Kawasaki ZX-6R da Suzuki GSX-R1000. Yau har akwai masu kwamfuta da ke sauya taurin mai ana cikin tafiya. Sunayen da ake ji a wannan fage ba su da yawa: Showa da KYB daga Japan, Marzocchi daga Italiya, WP da ta faro a Holan, sai Öhlins ta Suwidin, wadda Kenth Öhlin ya kafa a 1976. Shekara biyu kacal da kafa ta, a 1978, Gennady Moiseev ya ci kambun duniya na tseren daji ajin 250 da shakazobarta a kan KTM. Launin zinariyar ƙafafunta shi ne abin da samari masu son babur ke mafarki.

Matakala huɗu

SV650 ta fito a 1999, injinta silinda biyu, sisi 645. Inji mai kyau, jiki mara nauyi, kuɗi da sauƙi. Inda Suzuki ta yi tsimi shi ne ƙafafun gaba: bututu mai kaurin milimita 41, da tsohon tsarin sanda mai ramuka, da sifirin mai laushi. Saboda arharta ta cika filayen tseren ƙananan ƙungiyoyi a Amurka da Ingila, kuma da wuya a sami babur ɗin da aka fi buɗe ƙafafunsa ana neman gyara kamarta. Duk matakan wannan sana'a an gwada su a kanta.

Matakin farko ba a sayen komai sai mai da robobi. A wanke, a sauya oyil-sil da bush, a zuba sabon mai. Babura da yawa da ake kuka da su, iyakar ciwonsu ke nan, don akwai wanda tun da ya bar masana'anta ba a taɓa buɗe ƙafarsa ba.

Na biyu, sifirin daidai nauyin mai babur. Ana auna ƙarfin sifirin da kilo nawa ake bukata a matse shi milimita ɗaya. Na SV650 ta farko bai wuce kimanin 0.7 ba. Mutum mai nauyin abokina yana bukatar wajen 0.90.

Na uku, gyara hanyar mai. Mai kuɗi yakan sayi katirij cikakke a zura masa a cikin ƙafar. Mai matsakaicin hali yakan sayi wani ɗan bawul da kamfanin Race Tech na Paul Thede, a jihar Kalifoniya, ya yi suna da shi, wanda ake kira emuleta. Ana ɗora shi a kan tsohuwar sandar, ya riƙa kwaikwayon aikin katirij.

Na huɗu, a cire gaban gaba ɗaya a dasa na wani babur. Masu SV650 sun saba ɗauko na GSX-R, da ƙafafu da maƙalan wuya da taya da birki. Dattijon ba ya hana wannan, amma yakan ja kunne. Ƙafar da aka ɗauko an yi ta ne don wani babur mai nauyi dabam da tsawo dabam. In ta fi ta asali gajarta, gaban babur zai sunkuya, ya riƙa faɗawa kwana da sauri, a miƙaƙƙiyar hanya kuma kan ya fara rawa. Ga maganar wayar agogon gudu, ga inda kai ke tsayawa in an juya shi kada ya daki tanki. Kuma bayan an gama duk wannan, sai an dawo kan sifirin da mai daidai nauyin mahayi. Rigar wani ce, komai tsadarta sai an rage ko an ƙara.

Abokina mataki na uku ya zaɓa. Sifirin biyu da emuleta biyu wani ɗan'uwansa ya sako masa a jaka daga waje.

A kan teburin aiki

Na zauna a benci na kalli aikin daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jerin abin da ke gaba da abin da ke baya. Tun babur na tsaye dattijon ya sassauta notin maƙalin sama, sannan ya ɗan kwance murfin ƙafar, bai cire ba. Ya ce in ka bari sai ƙafa ta sauka ƙasa, ba abin da zai riƙe maka bututu, sai ka kai shi ga matsi ka ɓata shi. Haka notin da ke gindin kube, wanda ke riƙe da sandar: tun sifirin na danne da ita ake sassauta shi, in ba haka ba sanda ta yi ta juyawa tare da noti har la'asar. Da yaronsa ya cire kan birki ya bar shi yana reto a jikin tiyo, dattijon bai ɗaga murya ba.

"Kai, ɗan nan, rataye shi da waya. Tiyon nan ran mutum ne."

"To, Baba."

Da aka buɗe murfi aka kifa ƙafar a roba, abin da ya zubo ba ya kama da mai. Ruwan toka ne mai kauri, da wari kamar na kwatami. Tokar nan garin ƙarfe ne da na bush da suka shekara suna goguwa. Na ƙafar hagu bai kai na dama yawa ba, don ta daɗe tana yoyo.

Ya zare bututun ya goge, ya bi shi da farce daga sama har ƙasa, ido a rufe. Yana neman ɗan tabon tsatsa ko inda tsakuwa ta sara, don tabo ɗaya mai kaifi ya isa ya yanka sabon oyil-sil cikin mako guda. Ya sami biyu ƙanana, ya lallaɓa su da takarda mai laushi har farce ya daina kamawa. Sannan ya ɗora bututun a kan wasu ƙarafa biyu masu baki kamar gwafa, yana juya shi, allurar agogon awo na bisa tsakiyarsa. Da ya lanƙwashe, da allurar ta yi rawa. Ba ta yi ba. Bush ɗin kuwa, fatar toka mai santsi da ke jikinsu ta cinye har jan ƙarfe ya bayyana. Ya jefa su a kwandon shara.

Daga nan sai aikin da ba a komawa baya. Don emuleta ta karɓi ragamar mai, dole a kashe ikon tsofaffin ramukan sandar. Ya faɗaɗa su, ya ƙara wasu, suka zama shida, kowanne milimita 8. Ya bi bakin kowane rami ya kankare ƙaiƙayin ƙarfen, ya wanke sandar sau uku, ya hura mata iska. Ɗan ɓarɓashi ɗaya in ya maƙale a bakin bawul, aikin yini ya tashi a banza. Na lura teburinsa ya fi na mai sayar da magani tsabta, a cikin shagon da ko'ina ƙura ce. Ƙofa ma rufe ta ya yi kafin ya fara haɗawa.

Wajen sa sabon oyil-sil, leda ya yanko ya lulluɓe bakin bututu, ya shafa mata mai, robar ta zame a kai ba tare da kaifin bakin ya taɓa leɓenta ba. Ya zuba mai lamba 15W, yana tura bututu sama da ƙasa a hankali har kumfa ya daina tasowa. Game da lambar nan ya gargaɗi abokina: 15W na wannan kamfani ba lallai ya zama 15W na wancan ba, don haka in an sami wanda ya dace, a riƙe sunansa. Bai auna man da kofi ba. Ya nutsar da ƙafar har ƙasa, ba sifirin a ciki, ya zura siririn bututun sirinji zuwa tsawon da ya yi wa alama, ya zuƙe duk abin da ya haura. Iskar da ta rage a sama ita ma sifirin ce, tana ƙara tauri yayin da ƙafa ke kusantar ƙarshe. Mai ya yi yawa, ƙafa ba za ta yi tafiyarta duka ba. Ya yi kaɗan, ta buga ƙasa.

Da aka mayar da ƙafafun, kowane noti da sifana mai awo ya ɗaure shi. Kafin ya ɗaure na bakin sandar da taya ke juyawa a kai, sai da ya kama birki ya danna gaban babur sau biyar ko shida, don ƙafafun biyu su daidaita kansu. In aka ɗaure su a karkace, za su riƙa cijewa, mai babur ya yi ta zargin sifirin alhali laifin na sifana ne.

Awo da kunne

Sauran aikin na tef ne. Ana auna yawan lotsawar da gaban babur ke yi in mai shi ya hau. Mutum uku ake bukata: mahayi da cikakkun kayansa, ƙafafu a kan mataki, mai riƙe babur daga baya, da mai awo. A fara ɗaga gaba har taya ta bar ƙasa, a auna. Mahayi ya hau, a danna gaban a sake shi ya taso a hankali, a auna. A ɗaga shi kaɗan a sake shi ya sauka a hankali, a auna. Tsakiyar awo biyun nan ake ɗauka, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ke nuna yawan cijewar ƙafa. Tafiyar ƙafar babur ɗin gudu duka-duka milimita 120 ce zuwa 130. Don hanyar gari ana son lotsawar ta tsaya wajen 30 zuwa 35, don filin tsere a ɗan rage. Da safe, kafin a taɓa komai, na abokina ya haura 50. Wato tun bai motsa daga inda yake ba ya cinye fiye da sulusin tafiyar. Da yamma awo ya nuna 34.

A nan ne masu babura suka fi ruɗewa. Suna ɗauka in an ƙara ɗaure sifirin daga sama ya ƙara ƙarfi. Ɗauri tsayin babur kawai yake sauyawa. Sifirin mai laushi ko an ɗaure shi har wuya, mai laushi ne.

Manyan babura na gudu suna zuwa da ƙananan sukurori na daidaita mai, galibi na tasowa a sama, na nutsewa a ƙasa, kowane juyi da ɗan ƙaransa, ƙas, ƙas. Ƙa'idar masu sana'ar a ko'ina ɗaya ce. A rufe sukurun a hankali har ya tsaya, a ƙirga daga nan. A rubuta inda aka same shi kafin a taɓa. A sauya abu ɗaya, a hau a gwada, a dawo a rubuta. Wanda ya juya uku lokaci guda, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba, in kuma ya ɓata bai san hanyar komawa gida ba.

Rabin sana'ar kuwa tafinta ne. Mahayi ba ya zuwa da lambobi. Cewa zai yi gaban na yawo, ko babur na ƙin shiga kwana, ko ba ya jin taya. Aikin gwani ne ya gano a wane wuri, da wane gudu, da birki ko ba birki. Sau da yawa ciwon da ake ji a gaba daga baya yake: shakazobar baya ta mutu, gindi ya zauna, gaba ya yi sama. Wani lokacin boris ɗin wuya ne ya yi rami. Wani lokacin iskar taya ce kawai, shi ya sa dattijon ke fara sa gejin iska kafin ya ɗauki sifana. Ko a gasar MotoGP, inda yawancin ƙungiyoyi ke amfani da Öhlins, KTM kuma da WP, inda na'ura ke rubuta kowane motsin ƙafa a kwamfuta, da mahayi ya shigo rumfa za ka ga ma'aikacin shakazoba ya matso yana sauraron bakinsa, sannan ya je ya duba yadda taya ta ci.

Tsumma a ƙafa

Dattijon bai fara da manyan babura ba. Da Jincheng da Boxer na 'yan acaɓa ya koyi aiki, ya shekara da shekaru a kansu. Da aka hana goyo a babur a Kano a farkon 2013, ciniki ya ja baya, sai ya karkata ga manyan babura da ake shigowa da su na hannu. Littattafan gyara na kamfani da bidiyon intanet, ɗansa ke karanta masa yana fassarawa, shi kuma hannu ya riga ya san hanya. Abin da ya ba shi mamaki, in ji shi, da ya buɗe ƙafar SV650 ta farko, shi ne bai ga baƙon abu ba. Sanda mai ramuka ce, irin ta Boxer, ta dai fi girma.

Wannan ita ce dangantakarmu da sana'ar. Kowane babur da ke ɗaukar buhu biyu da mutum biyu zuwa kasuwar ƙauye, da irin wannan ƙafar yake tafiya. Makanikanmu suna da dabarunsu: a cusa washa ko noti a kan sifirin don babur ya daina zama, a miƙe bututun da ya lanƙwashe, a zuba baƙin mai in ba a sami na ƙafa ba. Ba duka ne abin dariya ba. Tsofaffin littattafan Honda da kansu man giya na mota mai sauya giya da kanta suka ce a zuba a ƙafa. Amma akwai al'adar da dattijon ya tsana, ita ce ɗaura tsumma a ƙafar da ke yoyo. Tsumma na ɓoye mai, yana tara ƙurar hunturu, ƙurar ta haɗu da mai ta zama abin wasa wuƙa, ta cinye roba da bututu tare. A babban babur mai birkin faifai abin ya fi muni, don man da ya gangaro kan birki yake sauka. Bututun da aka miƙe kuwa, ya yarda da shi a babur ɗin zuwa gona in lanƙwasar kaɗan ce. A babur mai gudun kilomita 200 a awa, ya ce ko ɗansa ne ya kawo ba zai sa hannu ba.

Sana'ar ba ta da kasuwa mai yawa a nan, kuma ya san haka. Mai babur zai biya kuɗin salansa mai ƙara da fenti mai walƙiya ba ciniki, don ana gani ana ji. Aikin da ke ɓoye cikin bututu sai an sha magana. Akwai ma masu sayen murfi mai ruwan zinariya da sitika su manna a kan ƙafar da manta ya ruɓe. Irin waɗannan yakan sauya musu mai ya sallame su, ba ya jayayya.

Kafin abokina ya fita gwaji, dattijon ya ɗaura wani siririn zaren roba a jikin bututu, ya tura shi ƙasa har ya taɓa bakin kube. Duk inda ƙafa ta nutse ta kai, nan za ta tura zaren ta bar shi. Ya ce ya je ya bi hanyar da ya saba, ya kama birki yadda ya saba, kada ya yi wa kowa burga.

Bayan kamar minti ashirin muka ji ƙarar injin. Abokina ya cire hular kwano yana ɗan ɗaure fuska, kamar wanda ya yi mantuwa.

"Malam, ramin nan na bakin gada, an cike shi ne?"

"Yana nan, Alhaji. Da safe na bi ta kansa."

Ya durƙusa ya sa tef a tsakanin zaren da maƙalin wuya. Saura milimita 15 ƙafar ta kai ƙarshe. Ya gyaɗa kai, ya buɗe littafinsa, a ƙarƙashin kilo 92 ya rubuta ƙarfin sifirin, da sunan mai, da tsayinsa, da lotsawa, da kwanan wata. Abokina ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya tambaya yaushe zai dawo.

"Mai, bayan shekara biyu, in Allah ya kai mu. Amma in ka ga rigunanka sun fara matse ka bayan Babbar Sallah, kada ka jira. Sikeli na nan."